Ragon da Nagoggo Bai Yanka Ba

Mahaifina, Nagoggo na Katuru, bai taɓa sayen abu a farashin da aka faɗa masa ba. Ko allura ce sai ya taya. In mai kaya ya ƙi, sai ya kaɗe rigarsa ya juya baya, ya yi taku uku a hankali yana saurare, kafin na huɗu an kira shi. Ni ce Saliha, 'yarsa ta fari, kuma tun ina ƙarama nake jin kunyar bin sa kasuwar Shinkafi saboda wannan taku ukun. Mutane suna ce masa Mai-Araha a gaban idonsa, shi kuwa ya amsa da ƙarfi, don bai taɓa ɗaukar sunan a zagi ba.

Sana'arsa kiwon ragunan layya. Saura wata biyar ko shida babbar sallah, sai ya bi ta Jangeru ya tsallaka Nijar, ya sayo ramammun ragunan da kowa ya duba ya wuce. Ya kawo su gida ya ɗaure a turke, ya bi su da harawa da dusa da ruwan kanwa, yana yi musu magana kamar 'ya'yansa. Gaskiya ma ya fi yi musu magana a kanmu. In ya ɗora tafin hannu a gadon bayan rago, zai gaya maka ko ƙiba ce ta gaske ko kumburin ruwa. Kafin sallah sai ka ga masu kuɗi daga Kaura Namoda da Gusau sun yi sahu a ƙofar gidanmu. Mu kuwa 'yan gida, abin da muke yankawa shi ne wanda kasuwa ta ƙi, mai karyayyen ƙaho ko mai gajeren wutsiya, in dai malamai sun ce layya ta halatta da shi.

Abu ɗaya ne a duniya Baba ya yi alkawarin ba zai taya ba. Tun yana saurayi wani tsohon alhaji ya ba shi labarin garken ragunan Mina, inda alhazai ke sayen abin hadaya, wato dabbar da mai aikin hajji ke yankawa ranar sallah. Labarin ya shiga ransa bai fita ba. Duk shekara, in ya sallami rago na ƙarshe ya wanke hannu, sai ya faɗa wa mahaifiyata, Inna Rekiya, magana ɗaya:

"Shekara da shekaru ina zaɓam ma mutane. Guda ɗai nika so in zaɓam ma Ubangijina da hannuna, in yanka da hannuna. Kuma rannan, ko nawa anka ce, ba ni tayawa."

Inna takan ce, "Allah shi nuna muna, Malam. Ko don mu ji yadda kaka sayen abu babu gardama."

Muna dariya, amma kowa a gidan ya san ba wasa yake ba. Saboda wannan ragon ne muka sha kunu ba sukari shekaru da yawa.

Baba ba ya tsallaka iyaka da kuɗi a jiki. Hanyar daji ce, kuma 'yan canji suna yankar nasu duk lokacin da naira za ta koma sefa. Yana da hanyarsa, wadda fataken yankinmu da yawa suke bi. Sai ya je wurin amininsa Maccido, mai rumfar canji a Shinkafi, ya damƙa masa kuɗin. Maccido ya ɗauko takardar naira biyar ya yaga ta biyu, yaga mai karkace, ya ba Baba rabi. Ɗaya rabin kuma ya ba direban da ya yarda da shi ya kai wa mutuminsa a Maraɗi. In Baba ya isa, sai a shimfiɗa rabi da rabi a kan tabarma. Yaga ta haɗu, a ba shi sefarsa. Babu rubutu, babu shaida. Abin da Maccido ke samu a wurin Baba kuwa cinyar rago ce ranar sallah, shi ya sa hanyar ta kwanta wa Mai-Araha a rai.

Ƙa'idar abin ɗaya ce: in rabi bai zo ba, ba a ba ka ko sisi, ko kai wane ne. Baba ya taɓa ganin wani bafatake a Maraɗi yana rantsuwa yana hawaye, nasa rabin a hannu, ɗayan bai iso ba, mai kuɗin ya ƙi ko ɗaga kai. Baba ya dawo gida yana yabon mai kuɗin nan har kwana uku. Ya ce irin waɗannan mutane ne suka riƙe kasuwa.

Shi Maccido ba baƙo ba ne a gidanmu. Makarantar allo ɗaya suka yi da Baba. Shi ya karɓi sadakina ranar da aka ɗaura mini aure zuwa Kaura Namoda, kuma Baba Maccido nake ce masa, ina durƙusawa har ƙasa in na gaishe shi. Yanzu in na tuna yawan durƙuson nan sai gwiwoyina su ba ni haushi.

Da aka ba mu jihar Zamfara, Gusau ta cika da sababbin manyan ma'aikata, kowa yana son ragon da zai sa maƙwabta su leƙo. A shekara uku Baba ya samu abin da bai samu ba a ashirin. Sai kuma ga Shari'a. Wanduna suka ɗage, gemuna suka sauko. Ban ce babu na Allah ba, akwai su da yawa, Baba ma ya je taron Gusau a bayan a-kori-kura, ya dawo muryarsa ta dishe saboda kabbara. Ana ta cewa yanzu ko jaka ka manta a tasha za ka dawo ka same ta. Maccido ya canja carbi ya sayi mai manyan 'ya'ya, ya riƙa yi wa masu zuwa rumfarsa nasiha a kan riba. A wannan shekarar Baba ya biya kujerar Makka.

Daga nan tashin hankalinsa ya fara, kuma ba tsoron jirgi ba ne. An gaya masa guzurinsa dala za a ba shi a sansanin alhazai, in ya isa can ya canja ta koma riyal. Ya bi alhazan Katuru da na Shinkafi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wannan ya ce 'yan canjin Makka suna cire nasu a kowace takarda. Wancan ya ce shi a cikin cunkoso aka yanke masa lalitar kuɗi daga ƙugu bai ji ba. Wani ɗan boko ya kawo maganar banki, Baba ya tambayi nawa suke cirewa, da ya ji sai ya ce a bar zancen. Abin da ke cin ransa shi ne a ce wani da bai taɓa ɗaukar harawa ba zai gutsuri kuɗin ragonsa don kawai ya miƙa masa wata takarda ya karɓi wata.

Sai Maccido ya zo har zaurenmu. Ina gida lokacin, na zo taya Inna dakan yaji da ƙuli-ƙulin tafiya, na ji komai ta bayan ƙofa.

"Nagoggo, mi kaka wahal da kanka?" in ji shi. "Ka mance ƙanena Mustapha na Makka? Shekara goma sha ɗaya shina can. Abin da muka yi Maraɗi shi za mu yi. Ka ba ni dalar nan, in aika mai da rabi, ka isa ka amshi riyal ɗinka cif, babu ragi ko na ƙwandala. Kuɗɗin aikin hajji ba su kamata su ratsa hannun masu cin riba ba."

Baba ya ce, "To Makka da nisa, Maccido. Wa za shi kai rabin?"

"Jirgi nawa za shi tashi Sakkwato? Kowane akwai mutanena ciki. Kahin ka gama ziyarar Madina, shi ya riga ka isa."

Da ya tafi, Inna ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ka raba ƙahwa. Ka ba shi rabi, ka riƙe rabi ga jikinka. Ga lalita na ɗinka maka mai ninki biyu."

"Shekara ashirin da biyat ina ba mutumin ga kuɗɗi," in ji Baba, "ko sau ɗai bai yi ciwon kai ba. Yanzu da Shari'a ta zo na za shi ci amana?"

Inna ta tsaya kai da fata sai da ya yarda ya riƙe takarda ɗaya ta dala hamsin. Ya yarda ne yana gunaguni, wai a kan wannan ma sai an cire wani abu. Maccido ya raka shi har sansanin alhazai a Gusau. A can ya karɓi dalar, tare da sauran abin da Baba ya tara na tsaraba, ya yaga naira biyar a gabansa, suka rungumi juna suna neman gafara.

Saura kwana goma sallah, ina gidana a Kaura, aka ce ana sallama. Na fito na ga Maccido da sabuwar shadda, ga babbar mota a bakin titi maƙil da raguna, irin dogayen nan na Nijar. Ya ce Kudu za shi da su, ya biyo ne ya ga jikoki. Na yi mamaki, don ban taɓa sanin yana fataucin dabba ba. Na dama masa fura da nono mai kyau, na sa masa sukari da yawa, ya sha ya yi gyatsa. Na ce Allah ya kawo kasuwa. Ya shafa gemu ya ce, "Amin ɗiyata. Wagga duk albarkar babanki ta." Na ji daɗin maganar har na maimaita wa mijina da ya dawo.

Abin da ya faru a Makka ban ji shi daga bakin Baba ba sai bayan shekaru, kuma gutsi-gutsi. Mafi yawa na ji shi ne daga Malam Hafizu, wani malamin Zurmi da suka zauna ɗaki ɗaya.

Da suka gama umara suka kwance harami, hadaya ta hau kansu ke nan, kamar yadda take hawa kan yawancin alhazanmu. Washegari Baba ya nemi Mustapha. Ya same shi a wani lungu inda Hausawan da suka daɗe a can suke zaune, yana da 'yar rumfar tuwo da shayi. Mustapha ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka zubo masa tuwo da miyar kuka. Baba ya ci, ya wanke hannu, ya fito da rabinsa ya shimfiɗa. Mustapha ya duba ya ce nasa bai iso ba tukuna, amma akwai jirage a baya, ya dawo bayan kwana uku.

Ya koma bayan kwana uku. Ya sake komawa. Tafiya ce mai nisa daga masaukinsu, da hawa da gangara, kuma a ƙasa yake yin ta don kada ya taɓa dala hamsin ɗin nan. Duk da haka sai da ta taɓu, saboda a lokacin alhaji shi ke ciyar da kansa. Ƙuli-ƙulin Inna da garin rogo suka riƙe shi, sai abincin sadaka da ake rabawa a bakin hanya. Lokacin babu wayar hannu a ƙasarmu, balle a Katuru. Saƙo sai ta bakin wanda ya sauko daga jirgi. Duk ayarin da aka ce ya iso daga Sakkwato, sai Baba ya je ya tsaya a ƙofar masaukinsu yana tambaya ko akwai wanda Maccido na Shinkafi ya ba saƙo.

Jirgi na ƙarshe ya sauka, babu wanda aka ba komai.

A zuwansa na bakwai, Mustapha ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce rabonsa da jin ɗuriyar yayansa tun watan azumi, kuma ko a lokacin bai ambaci zuwan Baba ba. Ya ce kuɗin da yake ba mutane ba nasa ba ne, amanar wasu ce, kuma Baba ya fi kowa sanin ƙa'ida. Malam Hafizu yana wurin a ranar. Ya ce ya zaci Baba zai yi faɗa, sai ya ga ya naɗe rabinsa a hankali ya mayar cikin lalita.

"Gaskiyarka, Mustapha," in ji shi. "In rabi bai zo ba, ba a badawa."

Har suka hau Arfa bai fid da rai ba. Ya riƙa kawo wa Maccido uzuri: wataƙila ɗan saƙon ne ya yi rashin lafiya, wataƙila yana cikin alhazan wata jiha, za su haɗu a Mina. Malam Hafizu ya ce a Arfa ya ji shi da kunnensa yana yi wa Maccido addu'a, wai Allah ya sa lafiya.

Ranar sallah, bayan sun yi jifa, Malam Hafizu zai je sayen nasa ragon, sai ya roƙi Baba ya raka shi ya zaɓa masa, tunda shi ne gwani. Baba ya bi shi. Suka isa garken, ga raguna iya ganinka, daidai yadda tsohon nan ya faɗa shekara arba'in da suka wuce. Ya zaɓa wa Malam nasa a cikin ɗan lokaci. Sannan ya ci gaba da zagawa shi kaɗai, yana ɗora hannu a gadon baya, yana buɗe baki yana duba haƙora. Ya tsaya a kan wani fari mai baƙi a kewayen ido. Ya daɗe a kansa. Ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuyansa, ya yi masa magana da Hausa. Mai garken ya nuna kuɗin da yatsu. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ya yi. Ya kai haka."

Sai ya juya baya. Mai garken ya zaci tayi ne, ya kira shi ya rage. Baba ya ci gaba da tafiya, mutumin ya sake ragewa, har ya biyo shi yana jan haraminsa. Ko da ya rage rabi, abin da ya saura a lalitar nan bai kai ba. Malam Hafizu ya ce bai taɓa ganin mutum yana tafiya a hankali haka ba, kuma bai waiwayo ba.

Malam ya ce bari ya zagaya alhazan Zurmi da Shinkafi, kowa ya kawo abin da ya samu, ba za a rasa kuɗin rago ba. Baba ya riƙe hannunsa ya ce in ya yi haka bai yafe ba.

"Ragon karo-karo ba nawa na ba, Malam. Kuma in ka tara mutane, sai an tambayi mi yaf faru, sai an ambaci sunan mutum, ga shi ban san uzurinai ba. Hwaɗa mani abin da littahi yac ce ga wanda bai samu ba."

A nan kam ina jin haushin Baba har gobe, don girman kai ne, ko da an yi masa ado. Amma haka yake. Malam ya gaya masa hukuncin: wanda bai samu abin hadaya ba zai yi azumin kwana uku a can, da bakwai in ya koma gida. Kwanakin Mina ukun da ke bayan sallah, da kowace tanti ke ƙamshin nama, Baba ya yi su da azumi.

Ya dawo Katuru a tsakiyar bazara, ya rame, da jarkar zamzam ɗaya da ɗan ƙullin dabino. Babu carbi, babu hula, babu turare, babu abayar da na roƙa tun kafin ya tafi. Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Matan da suka zo barka suna fita suna taɓa juna, wai Mai-Araha ko a ɗakin Allah bai saki hannu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma haka na zata. Na kumbura fuska, na gaishe shi a taƙaice. Washegari ya tashi da azumi, muka ɗauka nafila ce ta sabon alhaji.

A rana ta uku da fara azumin, da hantsi, Malam Hafizu ya zo daga Zurmi duba shi. Suna zaune a zaure sai ga Maccido, da fara'arsa, ya rungumo kwano mai murfi da wani ƙulli a leda. Na kawo ruwa na koma bayan ƙofa, wurin da na tsaya ranar farko.

Aka gaisa, ya yi ta Alhaji, Alhaji, yana jan sunan. Sannan ya kwance ledar ya tura gaban Baba.

"Ga kuɗɗinka, Alhaji, ba su yi ciwon kai ba. Wanga kuma na bisa, rabonka na. Na ɗan juya su, Allah ya sa albarka, ragunan sun yi kasuwa Kudu."

Baba bai dubi kuɗin ba. Ya ce, "Ina rabin?"

Maccido ya yi dariya, ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya fito da 'yan takardu da asuwaki, ya tsamo shi a ciki. Baba ya buɗe lalitarsa ya ɗauko nasa. Ya shimfiɗa su a kan tabarma ya matsa su da yatsa, yaga ta haɗu tsaf.

"Ashe nan shike," in ji Baba.

"Wallahi na yi niyyar aikawa da jirgin ƙarshe," in ji Maccido, "sai kasuwa ta ƙi tashi sai jajibiri. Na ce Mustapha ba shi barinka da yunwa. Kuma kak ka damu da zancen hadaya, hajjinka ta cika. Sai da nit tambayi malami kahin in taɓa ko sisi, yac ce wanda bai samu ba azumi na isar mai."

Kafin ya taɓa. Na maimaita kalmar a raina ina riƙe da ƙofa. Wato ba mantuwa ba ce, ba tsautsayi ba ne. Ya zauna ya auna, ya je ya nemo fatawa, ya tabbatar akwai azumin da tsoho zai yi a madadin ragonsa, sannan ya raka shi Gusau ya rungume shi. Mutumin da ya fi shekara talatin yana jin Baba yana zancen ragon nan. Kuma ni na dama masa fura, na ce Allah ya kawo kasuwa. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba, alhali ba kuɗina ba ne.

Malam Hafizu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Maccido kuwa bai ga komai ba. Ya buɗe kwanon, ga soyayyen naman sallah irin wanda ake adanawa, ya sha yaji.

"Na aje maka naka, Alhaji. Cikin ragunan na, wanda yaf fi duka nir riƙe. Taɓa ka ji."

Baba ya dubi naman, ya dubi amininsa. Ya ce, "Ina azumi. Saura huɗu."

Ya ɗauki kuɗinsa, ya ware ƙarin ya mayar cikin leda, ya ɗora a kan murfin kwanon ya tura masa. Ya tashi ya shiga gida ya wuce ni a bakin ƙofa, ya tafi wurin turakun da babu komai a kansu ya zauna.

Mijina ya ce a kai ƙara wurin alƙali, tunda yanzu akwai Shari'a. Malam Hafizu ya tambaye shi ƙarar me za a kai. An ba mutum amana, ya dawo da ita cif har da ƙari, kuma babu rubutu babu shaida. Mutanen kasuwa ma da labarin ya fita, rabinsu cewa suka yi Nagoggo ya cika riƙo, ai an biya shi, har wasu suna yaba wa Maccido da bai cinye ba. Ni dai daga ranar na daina ce masa Baba. In mun haɗu a sabga sai in gyara mayafi in bi ta wani gefe, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Baba ya cika bakwai ɗinsa a cikin zafin nan. Bai sake zuwa rumfar Maccido ba, in sun haɗu ya amsa sallama ya wuce. Ya yi niyyar komawa Makka, amma kujera ta riƙa tashi duk shekara, ga gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, tsallaka iyaka ma sai ya daina. Shekara huɗu ya ƙara a duniya.

A layyar da ta biyo bayan dawowarsa, akwai wani rago a turkensa da ya fi duk waɗanda ya taɓa kiwo, fari, mai faɗin baya. Wani babban ma'aikaci ya zo daga Gusau ya yi ta ƙara kuɗi har sau huɗu, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Ranar sallah ya kayar da shi da kansa a tsakar gida, ya yanka da hannunsa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin irin wannan nama a gidanmu ba. Ina zuba masa ruwa yana wanke wuƙa, na ga kamar fuskarsa ta ɗan saki, sai na yi karambani.

Na ce, "To Baba, ga shi ka zaɓa, ka yanka da hannunka."

Bai ɗago ba. Ya goge wuƙar a jikin fatar, gefe da gefe.

Ya ce, "Nan Katuru na, yarinya. Zuba ruwan."